Amshin da Na Yi a Ɗakin Katifa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ɗakin katifa a Gusau ba. Na shiga ne don in hana yarinya waƙa. Na fito muryata tana cikin waƙar.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Noma na sani. A wani ƙauye bayan 'Yankuzo aka haife mu, ni da ƙanena Mani, gonarmu ɗaya, rumbunmu ɗaya. Shekara tara ke nan ɓarayin daji suka shigo mana da hantsi, suka tarar da Mani a gona. Ni na yi masa wanka, ni na sa shi a kabari, ban zubar da hawaye ko ɗigo ba. Washegari na kama hannun 'yarsa Shafa'atu, wadda uwarta ta riga shi rasuwa, muka bi hanyar Tsafe a ƙafa. Daga nan sai Gusau. Yanzu ɗinke bakin buhu nake yi a kasuwar hatsi.

A rumfarmu Dutsen Kwatarkwashi ake ce mini. Ila, mai awo kusa da ni, shi ya laƙaba mini sunan, wai ko basilla ta huda mini hannu ba na cewa wash. (Gaskiya ne. Ta taɓa hudawa, na zare ta na ci gaba da ɗinkina.) Ina son sunan nan, ba zan ɓoye ba. Na rasa gona, na rasa ɗan'uwa, shi kaɗai ya rage mini, don haka na riƙe shi da kyau.

Shafa'atu ta girma, ta gama sakandare, ta koyi ɗinki. Kullum ina ganinta da biro da wani littafi, na ɗauka awon kayan mutane take rubutawa. Ashe waƙoƙi ne. Ban sani ba sai ranar da Ila ya ɗaga murya a gaban kowa ya ce, "Dutse, an ce ɗiyarka na shiga situdiyo. Ashe zabiya kake kiwo a gida ba mu da labari?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Na ja zare na ɗaure, na ce, "Gobe za ta bari."

Da na koma gida na kira ta. Ta durƙusa, ba ta yi musu ba. Ta ce waƙa tara ta rubuta da hannunta, an gama ɗaukar takwas, saura ɗaya albam ya cika.

Na ce, "Mi ne ne albam?"

"Kamar dami ne, Baffa. Waƙoƙi ake tarawa a ɗaure wuri guda."

"To a kwance shi."

Ta ɗago kai ta ce, "Baffa, ka zo ka gani da idonka. In ka ga abin da bai dace ba a wurin, ko ka ji kalma ɗaya ta banza, wallahi na bari. Littafin ma in ba ka ka sa a murhu."

Na yarda nan take. Na tabbata ba zan yi taku uku a wurin ba sai na ga abin da zan kafa hujja da shi.

Washegari bayan azahar muka tafi. Shago ne a bayan layin masu gyaran waya. Mai wurin sunansa Yohanna, aikin gwamnati ya kawo ubansa Gusau, nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya russuna ya ce, "Sannu da zuwa, Baba," ya jawo mini kujera. Na ƙi zama. Na shiga dube-dube ina neman kwalba, ko guntun sigari, ko samari marasa aikin yi. Abin da na gani fiyano ne, da kwamfuta, da fanka, da buta da darduma a lungu inda Shafa'atu ke salla. Raina ya ɓaci. Mutum ya taho da faɗa tun daga gida, ya rasa inda zai sauke shi.

Sai na hango wata ƙofa da tagar gilashi. Ɗan ɗaki ne kamar akurki, an manne bangonsa da katifa har sama. Na ce yauwa.

"Nan ake kulle ta?"

"Nan take shiga ta rera, Baba. Katifar saboda ƙarar janareta ce da babura."

"Buɗe."

Na shiga, ya jawo ƙofa. Tsit. Duk hayaniyar Gusau ta ɗauke. Ta gilashi ina ganin bakinsu na motsi, ba na jin komai. Nan na yi lissafi irin na manomi: bango bango ne, in ni ba na jin su, su ma ba sa ji na. A lungun ɗakin akwai wani ƙarfe a tsaye da wani zagayayyen abu a gabansa kamar rariya. Ban kula shi ba. Na ɗauka na korar sauro ne.

Yohanna ya leƙo ya ɗora mini wani abu a ka, mai faifai biyu da suka rufe kunnuwana. Ya ce, "Baba, ga ta taran, wadda ta gagare mu gamawa. Ka ji da kanka." Ya fita ya rufe.

Sai gangar noma ta tashi a tsakiyar kaina.

Dole in tsaya in yi bayani a nan. A garinmu in an yi gayya, mutum ɗaya ke ba da waƙa, ɗaya ya amsa, sannan sauran su ɗauka. Mani ke bayarwa, ni ke amsawa. Tun muna samari haka muke, kusan shekara talatin. Bai taɓa jefa baiti ya faɗi ƙasa ba, ko ina fushi da shi sai na cafe. To waƙar Mani ce Shafa'atu ta ɗauko. Muryarta ta fito siririya, amma karyawar irin ta ubanta ce sak:

"Rana ta yi tsaka, wa ya gaji?"

Sai wurin amshi ya zo, babu kowa. Ganga kawai ke tafiya.

Na dake. Ta sake jefowa, wurin ya sake zuwa fayau. Na ciji leɓe. A na uku na juya wa gilashi baya don kada su ga fuskata, wato na fuskanci rariyar nan, hancina kusan yana taɓa ta. Na yi gyaran murya. (Gyaran muryata sananniya ce, hawa biyu take yi, kamar babur ɗin da ya ƙi tashi.) Bakina ya buɗe da kansa:

"Ba mu ba, sai dai galma!"

Kuma da yake ganga na dukan kunnena, na ɗaga murya irin ta gona, wadda ake ji daga wancan ƙetaren rafi.

"Gero na kira, wa zai amsa?"

"'Yan gida ɗaya, ga mu nan!"

A kan wannan baitin na karye. 'Yan gida ɗaya, ga ni ni kaɗai. Abin da ban yi a bakin kabari ba, shi na yi a ɗakin katifa. Na yi kuka har da shessheƙa, ina amsawa ina kuka. Da ganga ta lafa na ce, "Kai, Mani. Ka tafi ka bar ni da galma biyu." Sannan na kama bakin riga na fyace hanci, fyacewa ta gaske, tunda ba mai ji na.

Na goge fuska, na ɗaure ta tamau, na cire abin kunne na fito ina taku ɗai-ɗai.

Na ce, "Hayaniya ce kawai. Ni ban ji komai ba."

Gaban hijabin Shafa'atu ya jiƙe sharkaf. Yohanna na kallon silin kamar yau ya fara ganinsa.

Na ce, "Lafiya? An yi mutuwa ne?"

Yohanna ya sosa ƙeya. "Baba, ka yi haƙuri. Wancan abin da ka tsaya a gabansa makirufo ne, shi ke kwaso murya ya kawo mana nan. Kuma ni hannuna ya saba, da mutum ya shiga ɗakin nake danna ɗauka."

Ban gane ba sai da ya taɓa kwamfuta. Wasu lasifikoki biyu, kowace ta kai rabin buhu, suka yi gyaran murya hawa biyu. Tawa. Babu ganga, babu komai, muryata ce tsirara, kamar bunsurun da aka ɗaure a rana. Ga amshin, ga shessheƙar, ga maganar da na yi wa Mani. Ina tsaye ina addu'ar Allah ya sa a ɗauke wuta. (Kullum ana ɗaukewa. Ranar nan ta zauna daram.) Daga ƙarshe fyace hancin ya zo, ya cika shagon har ya yi amsa-kuwwa.

Na juya in bar wurin. Na finciki ƙofa na shige da sauri, sai ga ni a ɗakin katifa kuma, ni da rariya muna kallon juna.

Da na sake fitowa Shafa'atu na durƙushe. Ta ce, "Baffa, shekara guda ina neman amshin nan. Ina ƙarama lokacin, na Baba kawai na riƙe. Na tambayi mutanen garinmu da ke zaune Tsafe, kowa sai ya ce Baffanki ke amsawa, je ki gare shi. Ni kuma tsoronka nake ji." Ta share ido ta ce, "Ka ga abin da bai dace ba a nan?"

Alkawari muka yi, kuma ni ba na ƙarya. Na ce, "Na gani. Ni ne."

Yohanna ya toshe baki ya fita waje, wai zai duba janareta.

Ta roƙe ni in bar mata muryar a cikin waƙar. Waƙar Mani ce, kuma na ji yadda take in babu mai amsawa. Na kafa sharaɗi biyu: kada a sa sunana, kuma a cire hancin. An cika duka biyun. Gyaran muryar ce na manta ban ambata ba.

Washegari a rumfa Ila ya ce, "Dutse, ta bari?"

Na ce, "Na je na yi magana." (Ba ƙarya na yi ba.)

Bayan kaka albam ya fito, ta sa masa suna Galma Biyu. Na ɗauka ƙawayenta za su ji su yi mata barka a wuce wurin. Ina! Masu tura waƙa a waya suka ce ba a tambayar komai sai shi. Gidan rediyo ya sa. 'Yan keke mai ƙafa uku suka sa. Aka fara kiran Shafa'atu bukukuwan mata a Bungudu, har daga garin Kekun Waje an zo da mota an ɗauke ta. Takwas ɗin duk an so su, don yarinyar ta iya zubin magana, ban san inda ta samo ba. Amma ta taran ce ta fi tafiya, musamman wurin mutanen da suka baro gonakinsu kamar mu.

Wata rana na shiga motar Tsafe zan je gaisuwa, direba ya kunna ta. Wata mata a bayana ta fara sharar hawaye. Direba ya girgiza kai ya ce, "Tsohon nan, ko wane ne, ya ga rayuwa."

Na ce, "Raggo ne."

Matar ta ce, "Haba Malam! Kai dai ba ka da tausayi."

Maƙogwarona na ƙaiƙayi tun daga fitar Gusau, amma na haɗiye shi har Tsafe. Ban taɓa yin doguwar tafiya irin wannan ba.

Asirina ya kai wata biyu. Ranar da ya tonu, ana sheƙar dawa kusa da rumfarmu, Ila ya kunna waƙar a wayarsa yana awo. Gyaran murya ta fito. Ya tsaya da tiya a hannu, ya mayar baya. Ya sake mayarwa. Ni ina ɗinki kaina a ƙasa. A daidai lokacin ƙaiƙayin dawa ya shige mini wuya, na yi iya ƙoƙarina, abin ya fi ƙarfina. Hawa biyu.

Ila ya dubi waya. Ya dube ni. Ya ajiye tiya a hankali ya hau kan buhu.

"Jama'a, ku taho ku gani! Dutsen Kwatarkwashi ya tsattsafo da ruwa!"

Aka taru, 'yan dako da masu awo har da mai rake. Ana dariya ana nuna ni, wani na kwaikwayon shessheƙata. Na ce, "Ba ni ba ne." Ila ya ce to, za a gani. Ya kashe wayar, ya sa hannu a kunne, ya jefo da muryarsa mai kama da ta kwaɗo:

"Rana ta yi tsaka, wa ya gaji?"

Kowa ya zuba wa bakina ido. Na riƙe shi. Wallahi na riƙe shi. Amma baiti na sama yana shirin faɗuwa ƙasa, kuma shekara talatin ba wasa ba ce.

"Ba mu ba, sai dai galma."

Rumfa ta kece da ihu. Sai dai kafin ihun ya mutu, wasu 'yan dako uku, mutanen yankinmu da ban taɓa jin sun ambaci gida ba, suka ɗauki amshin. Muka kai waƙar har ƙarshe a tsaye cikin buhuna. Wannan karon ban yi kuka ba. Ila ne ya yi, ya ce ƙaiƙayi ne.

Sunan Dutse ya tafi ke nan, bai dawo ba. Yanzu Sai-dai-galma ake kirana, har matan da ke zuwa sayen gero. Na yi fushi kwana uku na gaji na bari. Shafa'atu kuwa littafinta bai shiga murhu ba, ta ma cika shi ta sayi wani.

Abin da na koya kaɗan ne. Don ba ka jin mutane, ba shi ne su ba sa jin ka ba. In ka shiga ɗaki ka ga katifa a bango maimakon ƙasa, ka tambayi aikin kowane ƙarfe kafin ka buɗe baki. In kuma abin ya riga ya faru har aka zo kafa sharaɗi, ka yi uku, kada ka tsaya a biyu.