Ni da Buhun Albasa a Kan Ma'auni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da lodi ya gagare ni ba. Ni fa! Ku tambaya a tashar motar Tawa: tun ina yaron mota har na zama mai mota, ba a taɓa kawo kaya na ce babu wuri ba. Har raƙumi na taɓa ɗorawa a saman motata zuwa Takanamat (to, ɗan raƙumi ne, amma ai raƙumi raƙumi ne).

Ina da taubashi, Idi, piloti ne, yana koyar da tuƙin ƙaramin jirgin sama a Yamai. Ya bugo waya ya ce za su zo Tawa da ɗalibarsa, darasin doguwar tafiya, kuma akwai kujera guda a baya in ina son in bi su. Ya ƙara da cewa, "Ban da kaya da yawa." Na yi dariya. Mu ma haka muke gaya wa fasinja.

Kafin la'asar labari ya kai Affala, garin surukaina. Kun san halinmu, duk mai tafiya jakin saƙo ne. Na kowa na kauce masa, ban da na surukata, Inna Hajjo. Autarta ta haihu a Yamai, washegari suna. Ta haɗo ƙaton buhun albasa da cuku da kilishi, ta biyo ni da kanta har filin jirgi. Na ce, "Inna, an gama."

Da na ga jirgin sai gabana ya faɗi. Motata ta haife shi! Na zagaya shi da igiyata ina neman inda ake ɗaure kaya a sama.

Idi ya ce, "Bawana, mi za ka yi da igiyag ga?"

Na ce, "Lodi, ɗan nema."

Sai ya yafito ɗalibar, Rabi sunanta. Ta jawo ma'auni, ta auna albasa, ta auna cuku, sannan ta dube ni cikin ladabi ta ce, "Baba, bisimilla, hau."

Na waiga baya, na ɗauka da wani take. Ni rago ne? Idi ya ce doka ce: mutane da kaya da mai, duk sai an haɗa nauyinsu kafin a tashi, kuma in rana ta yi zafi iska kan yi sirara, jirgi ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka da sanyi. Nan kaina ya kwance. Iskar da nake shaƙa tun haihuwa, ashe tana ƙiba tana ramewa?

Na hau. Allurar ma'auni ta yi gudun da motata ba ta taɓa yi ba. Na tuɓe babbar riga, na cire takalmi, na haɗiye tumbi. Ko gezau.

Na ce, "To a rage mai, mu sha a Ƙonni."

Idi ya ce, "Wane gajimare ka gani da famfon mai?"

Na ce, "In na rungume buhun bisa cinyata, ai ni na ɗauke shi, ba jirgi ba." (Har yau ban ga inda wannan magana ta karye ba.) Rabi ta toshe baki da mayafi. Idi ya ce mata, "Ki riƙe darasin yau: ko taubashinki na, ma'auni bai san shi ba." Ya juyo kaina: "Zaɓi guda, ko kai ko albasa."

Na dubi wajen shinge. Ga Inna Hajjo tsaye, ta kare rana da tafin hannu, idonta a kan buhunta. Wane ɗan halak ne zai sauke kayan surukarsa a gabanta?

Da hannuna na ɗora buhun a kujerata. Har bel na ɗaura masa. Jirgi ya tashi, ina ɗaga wa albasa hannu, takalmina a hammata.

Tun ranar na gane cewa doka mai tsauri tana inda ba a iya fakin a sauke kaya. A hanyar mayar da Inna Affala kuwa, sai ta ce mini, da zuciya ɗaya:

"Kak ka damu, ɗana, hakan ya hi. Kai in ka tahi ci za ka yi, ita ko albasa cin ta za a yi."