Yadda Ake Jera Kayan Mashayar Italiya A Falo Ba Tare Da Suruka Ta Gane Ba

Kai mai son a shigo falonka a ce mashallah, matso kusa. Hanyar nan ba ta ba da kunya. Idrisa, mai lodin jakunkuna a filin jirgin Madina, ya bi ta a 1998, kuma har yau yana tare da matarsa.

1. Saya, kada ka tambaya

Idrisa ya je haraj ɗin Jidda, kasuwar tsofaffin kaya, neman fanka. Ya dawo gidansa a unguwar Sultana da kwali: kwalba mai dogon wuya, kofuna shida masu ƙafa ɗaya, gwangwanin azurfa mai murfi, da bokitin ƙanƙara mai siffar abarba. Mai kayan cewa ya yi, "Aikin Italiya ne, ya shaikh, sun girme ka." Sai da ya gama jera su a kabad matarsa Munirat ta nuna masa irinsu a wata tsohuwar mujalla: kayan haɗa giya ne. Masu hankali dama sai sun saya suke bincike.

2. Sama wa kowanne sana'ar halal

Abarba ta riƙe dabino. Kofuna su riƙe alewa. Kwalbar kuwa, bar ta haka. Idrisa ya zuba mata zoɓo, Munirat ta kalli launin ta saki salati.

3. In an tambaye ka, amsa da sauri

Ran Juma'a surukarsa Hajiya Kaltuma ta zo tare da yayanta Ɗan'inna, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa a Bur Sudan. Idonta ya faɗa kan gwangwanin.

"Esh hada, ɗan nan? Mene ne wannan?"

"Na dama fura ne, Hajiya. Turawa ma sun waye."

"To dama mu gani."

Idrisa ya ɗauko gwangwanin. Ya zuba fura da nono, ya rufe, ya hau jijjigawa kamar mai korar aljani.

4. Kada ka ji tsoron wanda ya sani

"Ba haka ake riƙewa ba," in ji Ɗan'inna. Ya karɓe, ya ɗaga saitin kunne, ya kaɗa cakas-cakas, ya wulla sama ya cafe, ya tsiyaye a kofi ko ɗigo bai zuba ba. "Ai wannan na haɗa..."

"Na haɗa me, Yaya?" Hajiya ta gyara tabarau. "A ina ka ƙware haka? Ba ce mana ka yi shekara goma sha biyu shayi kake dafawa a jirgin ba?"

Ɗan'inna ya dubi Idrisa, Idrisa ya dubi silin.

"Na haɗa fura ne, Kaltuma. Matuƙin namu mayen fura ne."

5. Yi haƙuri da nasara

Hajiya ta kurɓa, ta ce rabonta da fura mai laushi haka tun tana amarya. Ta naɗe gwangwanin a mayafi ta tafi da shi. Yanzu duk Alhamis da shi ake shayar da matan da ke karatu a gidanta, Ɗan'inna ne mai kaɗawa, kuma mata huɗu sun aiko Idrisa ya samo musu irinsa.

Gargaɗi: in taka surukar ta taɓa ganin mujallar nan, ban san ka ba, ban san falonka ba. Ni ko furar ma ba na sha.