Takardar Albasar Gimbiya

"...Yara lahiya lau, gajiya ta bi jiki. To bawana, mi nika ji cikin gari? Wai ka canza wa ordinatarka ƙwaƙwalwa?"

Gimbiya ce ke magana, tun ƙafarta ɗaya na waje. A shekarar 1997 ne, tsakiyar kakar albasa. Barmo shi ke buga takardun duwan, wato kwastan, na motocin da ke ƙetare iyaka daga Birnin Konni, a kwamfutarsa da suke kira ordinatar. Ita kuwa Gimbiya fataucin albasar Galmi take yi, kuma motarta na bakin hanya cike fal, tana jiran takarda. Uwar Barmo ƙanwar uban Gimbiya ce, don haka tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da tsiya ba.

Barmo ya gyara hula. "Bawa na zaune ƙarƙashin fanka, uwargijiya na yawo cikin rana? Zauna can nesa, kada warinki ya sa na'urata hawaye."

"Na'urar da ta jure numfashinka, mi albasa za ta yi mata? Ba ni labari."

"Tsohon tsarin ga mai baƙin allo, wanda sai ka rubuta mishi komi kamar kana roƙon suruki, na sallame shi. Sabo na ɗauko daga Sakkwato, har da sabuwar na'ura. Hotuna ne zalla, ki taɓa, shi buɗe. Daga nan har Tawa babu mai irinai."

"Ka gwada shi?"

"Ni Barmo? Tun kina koyon ƙirga da tsakuwa nika taɓa ordinatar."

"Ban tambaye ka tarihi ba. Kai ne kas sayi rediyo ba ka kunna ba, ka zo gida ka iske katako ne a ciki."

"Ƙarya kike, yana magana, kurma ce ke!"

"To buga mini takardata. Duwan na tashi ƙarhe sha biyu, yau Juma'a. In motar ga ta kwana biyu cikin zahin nan, albasata miya za ta koma, kuma kai zan ɗura ma ita da ludayi."

Barmo ya taɓa nan, ya taɓa can. Kafin Gimbiya ta gyara gyale, takardar ta fito a allo tsaf, da lambar mota da nauyin kaya. Ta matso ta leƙa, ta kasa ɓoye mamaki.

"Kai! Wanga abu yana da sauri."

"Maimaita, taubashiya, kunnena na hagu bai ji ba."

"Na'ura na yaba, ba kai ba. Hito da ita a takarda."

Ya danna. Tsohuwar imprimanti, na'urar fitar da rubutu a takarda, ta yi tari, ta yi ƙara, ta tofo takarda cike da wasu baƙaƙe marasa kan gado daga sama har ƙasa. Ya sake dannawa, ta tofo wata irinta. A waje Alkasum direba ya fara danna oda.

Gimbiya ta ɗaga takardar sama. "Wanga wane yare ne? Ko kaji kas sa sunka yi tsere a kai?"

"Ba su saba ba ne. Baƙo da ɗan gari, sai sun gaisa."

"Su gaisa bayan kaka! Barmo, saura rabin awa." A nan muryarta ta sauya, babu wasa a cikinta.

Barmo ya share goshi. Ya tashi ya nufi kwanar buro, wato ofishin nasa, ya yaye wani zane. Ga tsohuwar ordinatar zaune da baƙin allonta. Ya mayar mata da wayar imprimanti, ya rubuta layi biyu. Na'urar ta yi jinkirinta na kullum, sannan imprimanti ta fara tafiya layi-layi, rubutu garau. Gimbiya ta fizge takardar ta miƙa wa Alkasum ta taga, ya ruga.

Sai da suka ji motar ta tashi ta ce, "Ashe ba ka sallame ta ba."

"Hutu na ba ta. Kin taɓa ganin mai hankali irina ya zubar da abin da ka aiki?"

"Yanzun nan kac ce ka kore ta."

"Don kada sabuwa ta ji kishi na hwaɗi."

"To mi kay yanke?"

Barmo ya dubi na'urorin biyu, ya fashe da dariya. "Kin ci, jarababba. Tsohuwa za ta riƙe takardun duwan har albasa ta ƙare. Sabuwa ta koyi aiki ranar Lahadi, sai ta iya gaida imprimanti sannan in ba ta kujera. Amma ki shaida, a Konni ni niz fara kawo ta."

"Na shaida. Zan hwaɗa a Galmi, in ce bawana ne, ni nar rene shi."

Ta kwance bakin zane, ta ciro farin goro babba, ta ɗora a kan tsohuwar ordinatar. Barmo ya miƙa hannu, ta buge shi.

"Ba naka ba ne. In tana so ta ɗiba ma, tsakaninku."