Aljihun da Na Sa Tela Ya Ɓoye

Na so in manta da wannan ranar, amma ba na jin zan taɓa mantawa, kuma rigar aikina ce ta jawo mini.

Ni nas ce a wani asibiti da ke gefen garin Abuja. Rigar da aka saba ɗinka mana aljihu biyu gare ta, biro da almakashi kawai sun cika su. Kana bakin gadon marar lafiya sai ka ga ba filasta, ka koma teburinmu, ka dawo ka ga ba safar hannu. Ni kuwa ga jiki (a ce dai Allah ya yi mini albarka) ga ciwon gwiwa. Ranar da na gaji, na kwashi yadi na kai wa wani tela Bakatsine a Kubwa, na ce ya yi mini aljihu duk inda allura za ta shiga. Ya yi a ƙirji, ya yi a cinya, har a hannu. Na kuma sa ya ƙara wani ta ciki, wajen ƙugu, mai zif, wanda ba mai ganinsa. Abokan aiki suka sa mini suna Sito. Mai neman sirinji ko auduga ni yake nema, ni kuma ina ta hura hanci kamar ni na gina asibitin.

A lokacin akwai wani dattijo a ɗakin maza, Baba Isiyaku, maigadin wani gida a Maitama. Direban gidan ya kawo shi da ciwon zuciya, bai sake leƙowa ba. Ba shi da kowa a Abuja. 'Yarsa Sa'a ce ta taso daga ƙauyensu na Katsina, ita kuwa ba ta taɓa zuwa garin ba, ba ta ma san sunan asibitin ba. Sun yi da ita in ta sauka a tashar Zuba ta kira shi, a kwatanta mata. Likita ya riga ya gaya mana a asirce cewa da wuya Baba ya ga gobe.

Da safe ya miƙo mini 'yar ƙaramar wayarsa, irin mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Ya ce, "'Yata, taimaka ki sa mini caji. Na kashe ta don ta fi saurin cika. Kada yarinyar nan ta kira ta rasa ni."

Na kai teburinmu na jona. Da ta cika na cire, ina hanyar kai masa aka shigo da masu hatsarin mota, jini ko'ina. Na tura wayar a jikina na ruga. Sai wajen azahar na samu kaina, ina wucewa Baba ya riƙo gefen rigata, ya ce, "Ba ta kira ba?"

Sai a lokacin na tuna da wayar. Na koma tebur, caja na nan, waya babu. Na shafa aljihun ƙirji, na shafa na cinya, ban ji komai ba sai kayan aiki. Na ɗauko lambarsa a katinsa na kira, aka ce a kashe take. Maimakon in tuna shi ya kashe ta da hannunsa, sai na ce shi ke nan, ɓarawo ya kashe. Lambar Sa'a kuma tana cikin wayar, Baba bai haddace ba.

Nan fa na tayar da hankalin ɗaki. Na ce ba wanda ya je kusa da tebur sai Mama Asabe, mai sharar ɗakinmu, wata dattijuwa 'yar Ushafa wadda kullum muke cin ƙosai tare. Shugabar nas-nas ta zo, ta dube ni ta ce, "Sista, ka duba jikinka da kyau?" (Hausarta ta Abuja ce, kowa namiji ne a wurinta.) Na bugi ƙirji na ce na fi kowa sanin rigata. Na tsaya kai da fata sai an buɗe jakar Mama Asabe. Aka zazzage ta a gaban marasa lafiya da masu jinya: tsohon zani, kwanon abinci, man zafi. Ita dai cewa take, "Sista, ni ban ɗauka ba, Allah ya gani."

Ina tsaye na riƙe ƙugu, ina shirin cewa a duba cikin zaninta, sai wani kiɗa ya tashi. Kowa ya waiga. Ni ma na waiga, har ina harare-harare. Kiɗan daga ƙuguna yake fitowa. Ashe Baba ya saita ƙararrawar la'asar, irin waɗannan wayoyin kuwa ko a kashe suke sai sun yi ƙara. Na ɗaga riga a gaban jama'a ina kokawa da zif, na zaro ƙullin bandeji, wayar ta biyo shi ta faɗi ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da na fi jin sauƙi. Mama Asabe ta durƙusa ta tattara kayanta. Na ba ta haƙuri daga baya, ta ce ba komai, amma ba mu sake cin ƙosai tare ba.

Ina kunna wayar kira ya shigo. Muryar mace, ta dushe: "Baba, tun safe nake Zuba, ina zaune wajen masu lemo. Kana ina?"

Na sa ta miƙa wa wani mai tasi wayarta, na kwatanta masa asibitin ya kawo ta. Kafin su fita daga cunkoso, Baba ya daina magana. Ta same shi da rai, ta riƙe hannunsa tana kiran sunansa, bai buɗe ido ba. Ana kiran magariba ya cika.

Da za su fita da shi ta zo ta durƙusa tana yi mini godiya, wai da ban kunna wayar ba da ko gawarsa ba ta gani ba. Na kasa jurewa, na gaya mata gaskiya, cewa tun safe wayar na jikina. Ba ta zage ni ba. Sai ta ce, "Sista, ya tambaye ni?"

Na ce, "Duk wucewar da zan yi sai ya tambaya."

Ta gyaɗa kai, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ni na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Har yanzu ina sa rigar, don gwiwar ba ta warke ba. Sai dai na koyi cewa aljihu na auduga ne da filasta. Abin da mutum ya damƙa mini a hannu, a hannun yake zama har in mayar masa. Shi ya sa in ka zo ɗakin maza ka ga wata nas mai aljihu ko'ina tana fama da allura da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da wayar wani tsoho, kada ka ce mata ta sa a aljihu.