Yadda Za Ka Sauya Wa Inna Rumfar Zaɓe Ba Tare Da Ka Sauya Ba

Shekara ashirin na yi ina nazarin dimokuraɗiyya a kan bencin shagon aski, kuma na tabbatar babu abin da ke ɗaga darajar mutum a sabuwar unguwa kamar a san shi ke sauya wa mutanen gidansu rumfar zaɓe. Sauyawar kanta ba dole ba ce. Bi matakan nan, girma ya zama naka.

1. Karɓi katin da hannu biyu. Ranar da kuka tare, tun ba a kwance katifu ba, Inna za ta miƙo maka katin zaɓenta a naɗe cikin leda. Za ta tuna maka ba ta taɓa fashin zaɓe ba, har wanda aka yi tana da cikinka. Ce mata ta ɗauka an gama. Adana shi cikin takardun digirinka, inda babu mai taɓawa, har kai.

2. Duba a waya. Buɗe shafin hukumar zaɓe a gabanta. Da an nemi shaidar sabon adireshi, ɗaga wayar sama, ja tsaki, ka ce sabis ne. Sabis bai taɓa musu ba.

3. Leƙa ofishin hukumar sau ɗaya. Zaɓi lokacin da layi ya kai bakin titi. Gaisa da maigadi, ka tambaye shi yaushe za a rufe rajista. Zai ce saura wata biyu. Mai ilimi ba ya shiga layi da saura wata biyu. A gida, ce ana kan aiki.

4. Wayar da kan jama'a. A shagon aski, bayyana illar sakacin talakawa da ƙuri'arsu. Mai askin ya sauya tasa rumfar tun makon da ya buɗe shago, amma zai ce gaskiya ne Malam, tunda kanka na hannunsa.

5. Ranar zaɓe, raka Inna makarantar da ke bayan gidanku, inda rumfar sabuwar unguwar take. Bi sunayen da aka manna a bango da yatsa, sau uku, a nutse. Sannan ɗora laifin a kan hukuma da babbar murya. Inna ba za ta yi gardama ba. Katinta kawai za ta nema, ta kama hanyar tsohuwar unguwa, ƙetaren gada, da gwiwarta mai ciwo, ga abin hawa ya yi wuya. Kada ka bi ta. Kana da takardar ƙorafi da za ka rubuta.

6. Tarbe ta da la'asar. Za ta zauna a bakin ƙofa, tawada a yatsa, ta cire takalmi a hankali.

"Sunanka na can, ƙarƙashin nawa," za ta ce. "Sun tambaye ka. Na ce aiki ya yi maka yawa."

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ruwan da kake jin yana tafasa kuwa, Inna ce ta ɗora da kanta don ta gasa gwiwa. Ta ce kada a dame ka, kana rubutu.