Rasuwar Fentin Ƙofar Baya a Motar Mahir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar abin da ranar Alhamis za ta zo da shi, Ilyasu Zainul'abidin na Umdurman yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar baƙin fentin ƙofar baya ta hagu a motar Mahir, wanda zai auri 'yarsa Hadil. Wata takwas ke nan Mahir ya bar masa motar amana. Jibi zai sauka daga Riyad don ɗaurin aure, kuma bai san komai ba tukuna.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha guguwar habub bai taɓa dusashewa ba. A jikinsa Ilyasu yake gyara rawani duk Juma'a, domin ya fi madubin gidan faɗin gaskiya.

Ciwon ya fara ranar Asabar, Ilyasu na shigar da motar gida sakatar ƙofar gidan ta taɓa shi. Kalamansa na ƙarshe su ne "ƙiiii". Karcewar ba ta fi silin gashi ba. Ilyasu ya ga dilkar da ake yi wa amarya gyaran jiki da ita a kwano, ya ce a ransa abin da ke sa fatar mutum sulɓi ba zai kasa a jikin mota ba. Ya ɗiba ya dirza a wurin, matarsa Suhaila ba ta sani ba. A inuwa an ga sauƙi. Da rana ta haska sai ga layuka zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Ya ƙara dirzawa. Kafin la'asar wurin ya koma toka-toka, faɗin faranti.

An garzaya da shi Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gyaran motoci. Usta Almahdi mai fenti ya ja farce a kai, ya ajiye injin gogewa ko kunnawa bai yi ba, ya ce babu sauran abin gogewa.

Ya rasu ya bar ƙofofi uku, bonet da but, duk suna ƙyalli lafiya lau, shi ya sa ake hango rashinsa tun daga bakin titi.

Za a kankare shi gobe Laraba bayan sallar asuba a garejin Usta, a fesa sabo. Usta ya ƙi yin alkawarin sabon baƙi zai saje da tsoho a cikin rana. Jirgin Mahir kuwa ranar Alhamis da azahar zai sauka, da motar kuma za a je tarba. Ana karɓar gaisuwa a bayan gida, da murya ƙasa-ƙasa. Don Allah kada a ɗauki hoto, kada kuma a yi wa Hadil ta'aziyya, kullum suna waya da Mahir.

Har yanzu ba a san ko fentin zai bushe a kan lokaci ba. Ba a kuma san ko Ilyasu zai faɗa da bakinsa ko zai bari Mahir ya gani da idonsa ba.