Ranar da Kanada za ta sayi riɗinmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ɗaurin auren abokina Sanusi a Sassumbrum, ko da kuwa na so in manta, mutanen garinmu Dungas ba za su bar ni ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, kuma a fadarmu ta shan shayi ni ne mai fassara duniya. Da an ambaci Amurka sai kowa ya juyo wajena, ni kuma in gyara zama (Allah ya sani iyakar tafiyata Yamai ce, ita ma sau ɗaya). Duk ilimin nawa daga salula nake kwaso shi.

Bayan an shafa fatiha muka zauna a inuwa muna jiran tuwo. Hira ta gangaro kan rigimar Amurka da Kanada, yadda kowa ke lafta wa kayan ɗan uwansa kuɗin duwan, wato harajin shigo da kaya. Malam Isufu, wani dattijo mai sayar da wake, ya ce, "Ai kamar mu da Najeriya ne. Manya su yi faɗa, a rufe iyaka, talaka ya kwana da kayansa."

Wani ɗan kabu-kabu ya ce shi bai yarda shugabanni ke mulki a can ba, masu kamfanonin da ke cikin salularmu su ne sarakuna. "Jiya na yi zancen taya, yau tallar taya ta cika mini waya. Wa ya gaya musu?"

Nan fa raina ya ɓaci, don an yi minti goma ana zancen Amurka ba a tambaye ni ba. Na yi gyaran murya na ce, "Matsalarku ita ce duk abin da kamfanonin nan suka zuba muku sai ku haɗiye. Ni kuwa sai na tace labari kafin in yarda." (Ku riƙe wannan maganar, don ni ma ta riƙe ni.)

Na ciro salula na ce bari in nuna musu abin da rediyo ba ta faɗa ba. Bidiyo ne na wani Bature da kwat, wai babban jami'in kasuwanci na Kanada, yana bayani da Hausa tsaf cewa tunda sun ɓata da Amurka, riɗin Magarya za su riƙa saye. Na ƙure murya, na ɗaga wayar sama. Har na ƙara da cewa tun sati uku da suka wuce na aika matata Hadiza ta gaya wa mahaifinta kada ya kuskura ya sayar da riɗinsa, ya jira Turawa.

Malam Isufu ya ce, "Mushe, Baturen nan Hausar Damagaram yake yi?"

Na ce na'ura ce ke fassarawa, abin ya fi ƙarfin fahimtarsa.

Sai na ji wani yana tari kamar zai shiƙe. Lawali ne, mai gyaran salula a kasuwar Dungas, tsaran yayana. Hawaye na zuba don dariya. Da ƙyar ya ce, "Mushe, don Allah mayar da shi baya kaɗan, ka saurara da kyau."

Na mayar. A bayan muryar Baturen, tiryan-tiryan, jaki ke kuka.

"Jakin maƙwabcina ne," in ji Lawali. "Muryar kuma tawa ce. Ni na haɗa shi a shago don in tsokani masu riɗi, wayar ce ta daidaita bakin Baturen. Wallahi ban san ya kai lakwal ba!"

Wurin ya kece da dariya. Wani har ya zubar da shayi a riga. Ni kuwa na tsaya riƙe da waya a sama, jakin bai daina kuka ba, yatsana ya kasa samun wurin kashewa.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Ashe surukina, Baba Alhaji, yana zaune a tabarmar bayanmu tun farko, ni ban lura ba. Bai dube ni ba. Ya juya wajen Malam Isufu a hankali ya ce, "Tambayar mini mai gidan Hadiza, masu saye sun zo har ƙofa sau biyu na kore su. Yanzu in kai riɗin kasuwa, ko in ƙara jiran jakin?"

Ban ci tuwon nan ba. Na ce ana kirana a gida, na hau babur, na manta hulata.

Riɗin dai an sayar da shi daga baya, ba yadda aka so ba, kuma Hadiza ta yi kwana huɗu tana ajiye mini abinci ba magana. Har yau in na wuce kasuwa sai in ji an ce, "Mushe Kanada, yaushe jirgin Turawan zai sauka?"

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya tashi kare jama'a daga yaudarar manyan kamfanonin Amurka, ya fara tabbatar da cewa Lawali na bakin kasuwa bai riga ya gama da shi ba.